Aska Takwas Ta Koma Biyar: Wace Hanyar Gyaran Hoto da AI Ta Dace da Aikinka?

Ƙanina tela ne, manyan riguna yake ɗinkawa, kuma yawancin cinikinsa ta WhatsApp yake shigowa. Wata ranar Laraba ya turo min hotuna biyu, ko sallama babu. A na farko babbar riga ce shuɗiya mai aska takwas a rataye a ƙofar shago, a bayanta ga janareto, ga jarkar mai, ga ƙafar yaron shago da ta shigo hoton ba gayyata. A na biyu rigar ce dai, amma ta koma cikin wani falo na alfarma, haske na zuba a kanta kamar a mujalla. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, ƙirga askar."

Na ƙirga, biyar da guntu. Aikin wuyan ya rikiɗe ya zama wani zane da bai taɓa fita daga hannun maɗinki ba, shuɗin ma ya ɗan koɗe. Shi kuwa abin da ya roƙi manhajar kawai ta canza masa bayan hoton. Ta canza, ta kuma ɗinka masa sabuwar riga a kyauta. Da ya ɗora wannan hoton wani ya tura kuɗi, ranar da kaya suka isa sai an kira masu sulhu.

Ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi. Na ce ya fara gaya min abin da bai yarda ya motsa ba a cikin hoton, domin a nan ne hanyoyin suka rabu. Binciken 'yan shekarun nan ya bar mana uku: ka yi wa injin AI magana kamar kana aiken yaro, ko ka shata masa iyaka da hannunka ya yi aiki a ciki kawai, ko ka sauke buɗaɗɗen inji a kwamfutarka ka hore shi da kayanka. Kafin na jera su, sai an san inda askar ta faɗi.

Inda askar ta faɗi

Yawancin injunan zane na yau a kan dabara guda suke tsaye, wadda ake kira difushan. Lokacin koyo ana ɗaukar hoto mai kyau a yi ta zuba masa ƙura kaɗan-kaɗan har ya ɓace, kamar yadda hazon hunturu ke haɗiye gari. Sai a koya wa injin ya juya aikin: a ba shi hoto mai hazo, ya yi hasashen ƙurar da ke kai, ya share. In ya ƙware, a miƙa masa hazo zalla da 'yar jimla, ya yi ta shara har hoto ya bayyana. Tun 2015 aka kawo tunanin, amma aikin Jonathan Ho da abokansa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2020 ne ya nuna za a samu hoto na ƙwarai da shi. Sai dai nasu injin sai ya yi shara sau 1,000 kafin hoto ɗaya ya fito.

Sauƙi daga Jamus ya zo. A ƙarshen 2021 Robin Rombach da abokan aikinsa, a ƙarƙashin Björn Ommer na jami'ar Munik, suka ce a fara matse hoton ya zama ƙarami, a yi sharar a can, sannan a buɗe shi. Hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance lambobi 786,432 ne, da yake kowane ɗigo lambobi uku ne na launi. In an matse shi sai ya koma 16,384, ragin ninki 48 ke nan. Wannan ne ya zama Stable Diffusion a watan Agustan 2022, kuma shi ya sa kwamfutar gida ta iya zane.

To duk abin da aka matse aka buɗe sai ya bar wani abu a hanya. Kamar ka karanta wa mutum wasiƙa ya haddace, gobe ya rubuta ta da ka. Ma'ana za ta dawo, amma ba kalma da kalma ba. Sararin sama da bango ba sa nuna wannan asara. Aikin zare, ƙananan rubutu, zanen atamfa, idon mutumin da ke nesa, su ke shan wuya. Sababbin injuna irin su Stable Diffusion 3 da FLUX sun faɗaɗa ma'ajiyar matsin ninki huɗu, abin ya ragu sosai, amma bai tafi ba.

Akwai dalili na biyu. Injin abin da ya saba gani yake zanawa. LAION-5B, rumbun da aka ɗebo hotunan horar da Stable Diffusion na farko daga cikinsa, hotuna biliyan 5.85 ne da aka kwaso daga intanet tare da rubutun da ke jikinsu. Kwat da nektai sun cika shi. Aska takwas da sunanta a rubuce a ƙasa kuwa, mutum nawa ne ke ɗorawa? In injin ya iso inda bai sani ba, ba ya tsayawa ya yi tambaya. Cike gurbin yake da abin da ya yi kama.

Hanya ta farko: ka faɗa, ya yi

Wannan ce kowa ya sani yanzu. Ka ɗora hoto, ka rubuta "cire janareton nan, sa farin bango", ka jira. Tushenta a bincike bai da nisa. A Agustan 2022 masu bincike na Google da Jami'ar Tel Abib suka nuna, a aikin da suka kira Prompt-to-Prompt, cewa a cikin injin akwai taswirar da ke haɗa kowace kalma da yankin hoton da take kula da shi, kuma in ka riƙe taswirar ka canza kalma ɗaya, tsarin hoton zai zauna. Bayan wata uku Tim Brooks da Aleksander Holynski da Alexei Efros na Berkeley suka yi wata dabarar 'yan duniya. Tunda babu tarin hotunan kafin gyara da bayan gyara a ko'ina, sai suka sa injin rubutu na GPT-3 ya rubuta umarnin gyara, Stable Diffusion ya zana hotunan biyu, suka tara misalai sama da 450,000, suka horar da InstructPix2Pix da su. Aikin bai da tsafta sosai, amma ƙofa ta buɗe.

Abin da ya ɗaga wannan hanya daga baya shi ne jin magana. Stable Diffusion na farko guntayen kalma 77 kawai yake saurara, sauran ya watsar. Masu binciken Google da suka gina injin zane na Imagen a 2022 sun gano cewa ƙara girman ɓangaren da ke karanta rubutu ya fi ƙara girman ɓangaren zane amfani. OpenAI, mai ChatGPT, kuma ta lura cewa rubutun da ke ƙarƙashin hotunan intanet yawanci shirme ne, sai ta sa wani inji ya sake rubuta cikakken bayanin kowane hoto, ta horar da DALL-E 3 a 2023 da bayanan da kashi 95 cikin ɗari na inji ne. Daga nan aka kai ga sa zanen a cikin babban injin hira kansa. A watan Maris na 2025 GPT-4o ya fara zane a cikin ChatGPT. A watan Mayu kamfanin Black Forest Labs na birnin Freiburg, wanda su Rombach suka kafa, ya fitar da FLUX.1 Kontext. A watan Agusta Google ta fitar da Gemini 2.5 Flash Image, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Nano Banana, kuma a lokacin kuɗin hoto ɗaya ga masu haɗa manhajoji bai cika senti 4 na dalar Amurka ba.

Ƙarfin wannan hanya ba ya ɓuya. Waya kawai kake buƙata da 'yar data. Injin ya san duniya, ya san inuwa tana bin haske, ya san in an ce "yamma ta yi" launin sama zai canza. Kana iya haɗa masa hotuna biyu ka ce ya sa wannan takalmi a ƙafar wancan. A gwajina manhajojin wannan rukuni suna jin Hausa daidai gwargwado, ko da yake gajeren umarni da Turanci ya fi samun biyayya. In daga babu kake son hoto, wato tallar gidan abinci, zanen littafin yara, bangon katin gayyata, babu wadda ta kama ƙafarta wajen sauƙi.

Rauninta kuma shi ne abin da ya sami ƙanina. Ko ƙuda ka ce a cire, hoton gaba ɗaya ake sake haifa. OpenAI da kanta, a sanarwar fitar da zanen GPT-4o, ta rubuta cewa neman gyara wani yanki kan taɓa wasu wuraren da ba a nema ba. Kontext da Nano Banana an gina su ne musamman don riƙe fuska da siffar abu, kuma sun matsa gaba ƙwarai a wannan fanni, amma masu Kontext ma sun nuna a rahotonsu cewa hoto na lalacewa in an jera masa gyara da yawa. Kowane zagaye matsi ne da buɗewa, kamar fotokwafin fotokwafi. Ƙari a kan haka, injin ba naka ba ne. Kamfani na iya canza shi cikin dare, umarnin da ya yi maka aiki jiya ya ba ka wani abu daban yau. Ga biyan wata-wata da dala, ga hoton abokin cinikinka da ke tafiya kwamfutar wani a wata nahiya.

Wanne ya fi tsakanin GPT-4o da Kontext da Nano Banana? Jerin yana juyawa duk bayan 'yan watanni, wanda ke gaba yau gobe ya zama na uku, don haka ba zan ɗaure ka da suna ba. Ga gwajin da nake yi, kuma gani ya kori ji. Ɗauki hoto mai wahala irin na sana'arka, leshi ko hula zanna ko fuskar dattijo. Ka nemi ƙaramin gyara a kusurwa, ka ɗauki abin da ya fito ka sake neman wani, har sau biyar. Sannan ka ajiye na farko da na ƙarshe gefe da gefe ka zuƙo. Minti goma ne, kuma zai gaya maka abin da teburin gasar injuna na intanet, inda jama'a ke zaɓar hoton da ya fi, ba zai gaya maka ba, domin masu jefa ƙuri'a a can ba babbar riga suke gwadawa ba.

Hanya ta biyu: ka shata masa gona

Wannan ta fi tsufa, ba ta da kwarjini a tallace-tallace, amma ita nake fara nuna wa duk mai sayar da kaya. Kana zagaye wurin da kake so a gyara, injin ya cike ciki, abin da ke waje kuma ko ɗigo ɗaya ba a taɓawa. A Photoshop sunanta Generative Fill, ta shigo a watan Mayun 2023, kuma gyaran a kan wani shafi na daban yake sauka a saman hotonka, in bai yi maka ba ka goge. Adobe ta ce injinta Firefly da hotunan da take da lasisinsu da waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare ta horar da shi, abin da ke kwantar da hankalin masu yi wa manyan kamfanoni talla. Tun 2025 ma ta ba da damar zaɓar Nano Banana ko Kontext a cikin Photoshop ɗin, wanda ke nuna cewa hanyoyin biyu sun fara auratayya.

Da can wahalar tana wajen zagayen, mutum ya kwana yana bin gefen riga da linzamin kwamfuta. A Afrilun 2023 Meta ta saki Segment Anything, wanda aka horar da hotuna miliyan 11 da shaci sama da biliyan ɗaya. Ka danna abu sau ɗaya, ya zagaye maka shi. Don cire abu kawai, kamar jarka ko wayar lantarki, akwai LaMa da masu binciken Samsung suka fitar a 2021. Ƙarami ne, yana tafiya ko a kwamfutar da ba ta da katin zane, wato GPU, na'urar da ke ɗaukar nauyin sarrafa hoto, kuma da yake ba ya jin magana, ba ya ƙirƙiro maka tukunyar fure a inda ka cire jarka. Wanda ba shi da kuɗin Photoshop yana iya bi ta Krita ko GIMP ko Photopea.

Inda take gazawa shi ne haske. Rigar da aka ɗauka a ranar tsaka, in ka dasa ta a falo mai fitilu, ido zai gane baƙuwa ce, domin ka hana injin taɓa ta. Gefuna masu laushi ma suna ba da ciwon kai: mayafi mai shara-shara, bakin leshi, gashi. Kuma tana son hannu da haƙuri. Ba aikin kwance a gado da waya ba ne.

Akwai wani wuri da wannan hanya ba zaɓi ba ce, dole ce, kuma da kaina na ɗanɗana. Muna da hoton kakarmu guda ɗaya tak, baƙi da fari, ya sha lanƙwasa. Na saka shi a wata manhajar farfaɗo da tsofaffin hotuna. Abin da ya fito tsohuwa ce kyakkyawa, fata sumul, ta ɗan yi haske. Na nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan wace ce? Ina tsagarta?" Injin ya ɗauki tsagar gado da ke kumatunta a matsayin karce, ya share. Masu bincike sun san wannan ciniki tsakanin kyau da gaskiya. CodeFormer, da aka yi a Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo a 2022, yana da ma'auni daga sifili zuwa ɗaya da kake juyawa: ɓangare ɗaya fuska mai kyau, ɗayan fuskar mai hoton. Yawancin manhajojin waya sun ɓoye irin wannan ma'auni, sun zaɓar maka kyau. Batun hasken fata ma ba zato ba ne. A 2023 Bloomberg ta sa Stable Diffusion ya zana hotuna sama da 5,000, ta ga yana ba masu manyan ayyuka fata mai haske, masu ƙananan ayyuka fata mai duhu. A hoton kaka sai na koma na zagaye yagewar takardar kawai, na bar fuskar da dishi-dishinta.

Hanya ta uku: injin gida

Nan ne binciken ya fi armashi, nan ne kuma aljihu ya fi jin jiki. Buɗaɗɗun injuna, wato waɗanda ake sauke su gaba ɗaya, sun haɗa da SDXL na 2023, FLUX.1 na Agustan 2024 mai ma'aunai (lambobin da ya koya, waɗanda ke nuna girmansa) biliyan 12, da Qwen-Image na kamfanin Alibaba na ƙasar Sin, mai biliyan 20, wanda ya fito a Agustan 2025 tare da ɗan'uwansa na gyara. Galibi ta ComfyUI ake sarrafa su, wani allo da kake haɗa akwatuna da igiyoyi kamar mai gyaran rediyo. Ranar farko sai ka ji kamar ka rufe kwamfutar ka tafi kallon ƙwallo.

Abu biyu kake samu a nan da babu su a wani wuri da irin wannan iko. Na farko linzami. A Fabrairun 2023 Lvmin Zhang da abokan aikinsa a Stanford suka fitar da ControlNet, wanda ya ci kyautar Marr a babban taron masana fannin na wannan shekarar. Dabarar ita ce a bar babban injin yadda yake, a kwafi wani ɓangarensa, a koya wa kwafin bin zanen layi, ko tsayuwar jikin mutum, ko taswirar nisa da kusa. Sai ka zana siffar gida da fensir, ko ka ciro layukan askar riga, ka ce a bi wannan sawu. Ga mai zanen gine-gine ko mai tsara ɗinki, wannan ya fi dogon umarni, domin akwai siffar da baki ba ya iya kwatantawa.

Na biyu koyarwa. DreamBooth, na masu binciken Google da Jami'ar Boston a 2022, ya nuna cewa da hotuna uku zuwa biyar za ka iya koya wa inji wani abu takamaimai, ka ba shi suna, daga nan ka kira shi a kowane yanayi. Sai aka aro LoRA, dabarar da Microsoft ta fitar a 2021 don injunan rubutu: maimakon a sake horar da injin duka, a horar da 'yar ƙaramar faci a manna masa. Injin gigabait da yawa ne, facin kuwa 'yan megabait. Wannan ce kaɗai hanyar da ke magance rashin sanin kayanmu daga tushe. Ka tara hotuna masu kyau na hula damanga ko rawani ko ginin zankwaye daga kusurwoyi daban-daban, ka rubuta wa kowanne bayani, ka hore shi, injin ya daina zana maka rawanin Indiya in ka ce hakimi. Amma kada a yi maka daɗin baki. LoRA salo da kama take koyo. Za ta ba ka riga da duk Bahaushe zai ce babbar riga ce, ba za ta ba ka tabbacin ainihin rigar da ke rataye a shagonka ba, zare da zare.

Sauri ma ya daina zama matsala. Daga shara 1,000 an sauko zuwa 50, sannan a ƙarshen 2023 masu bincike na Jami'ar Tsinghua da na Stability AI suka nuna yadda ake horar da ɗalibin inji ya yi a taku ɗaya zuwa huɗu abin da malaminsa ke yi a hamsin. SDXL Turbo da FLUX.1 schnell, nau'in FLUX.1 mai sauri, daga wannan tsatson suke. Araha ba ta ado dai, ƙananan bayanai kan ɗan ragu, amma don gwada tunani da sauri sun wadatar.

Yanzu lissafi. SDXL na son katin zane mai ma'ajiyar gigabait 8. Cikakken FLUX.1 ya haura gigabait 20, sai an rage masa nauyi kafin ya shiga kati irin RTX 3060 mai gigabait 12. Wannan katin shi kaɗai wat 170 yake ja, babban yayansa RTX 4090 kuma wat 450. Duk wanda ke zaune da wutar da ake kawowa a ɗauke, ko ƙaramar sola, ya san ma'anar waɗannan lambobi. Sauke injin kansa data ce ta gigabait goma-goma. Akwai hayar kati ta intanet a wurare irin su RunPod ko Google Colab, ana biya da awa, kuma ga mai son horar da LoRA sau ɗaya a wata ya fi sayen kati hankali. Sai lasisi, wanda mutane ke tsallakewa: FLUX.1 schnell da Qwen-Image a ƙarƙashin lasisin Apache 2.0 suke, kana iya kasuwanci da su, amma wani nau'in, FLUX.1 dev, lasisinsa ya taƙaita amfani da injin don kasuwanci. A karanta kafin a buɗe shago a kansa.

Riba ɗaya da ba a cika faɗa ba ita ce sirri. Mai ɗaukar hoton biki da ke riƙe da hotunan amare da matan aure, in a kwamfutarsa yake aiki babu abin da ke fita daga ɗaki. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma tun kafin doka akwai kunya da amana.

Ƙ, ɗ, ɓ

Rubutu a cikin hoto ya gyaru ƙwarai, in Turanci ne. Namu fa? Yawancin injuna ba harafi-harafi suke karatu ba, guntayen kalma suke gani. Wani binciken Google na ƙarshen 2022 ya nuna cewa injin da ke ganin haruffa ɗaya-ɗaya ya fi iya rubutu a hoto nesa ba kusa ba. T5, mai karatun da ke cikin FLUX.1 da Stable Diffusion 3, an gina ƙamusunsa ne a kan Turanci da Jamusanci da Faransanci da Romaniyanci, kuma babu ɗaya cikinsu mai ƙ ko ɗ ko ɓ. Manyan injunan hira sun fi iya lanƙwasar, amma suna yi suna kuskurewa, kuma kuskuren harafi ɗaya a wurinmu ba ƙarami ba ne: ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓata ya koma bata. A kan wannan babu wata hanya cikin ukun da na yarda da ita. Inji ya zana bango ya bar fili, kai ka rubuta "Ɗaurin Aure" da hannunka a CorelDRAW ko Canva. In an canza ranar biki ma, lamba ɗaya za ka gyara ba tare da amarya ta canza hanci ba.

To wace za ka ɗauka?

In hoton daga babu zai fito, ko kuma babu wanda zai riƙe shi ya gwada da abu na zahiri, ɗauki ta farko, kada ka wahalar da kanka. Malamin makaranta mai neman zanen darasi, mai shafin labarai, mai tallar shayi da burodi, duk nan suke. In akwai abin da mai saye zai karɓa a hannu, ko fuskar da dangi za su duba, ta biyu ce taka, ko da ta fi cin lokaci. Ta uku kuwa sai in aikin iri ɗaya ne kake maimaitawa ɗaruruwa, ko sirrin hotunan ya fi ƙarfin a tura su waje, ko kana son injin ya san kayanmu da gaske. Na ga matasa da dama sun sayi kati mai tsada saboda bidiyon YouTube, bayan wata biyu ya koma na wasan ƙwallon kwamfuta. Ka fara da haya, in aikin ya biya kuɗin hayar wata uku a jere, sannan ka yi maganar saye.

Ƙanina dai haɗa biyu muka yi. Ya sake ɗaukar rigar da sassafe a inuwa, a jikin farin yadi, don hasken ya zo da laushi. Muka sa injin hira ya zana falo babu kowa a ciki, haske na shigowa ta hagu kamar yadda yake a hoton rigar. Sannan muka yanko ainihin rigar muka ɗora a kai, muka zagaye ƙasanta kaɗai muka ce a sa inuwa. Minti ashirin ya ci a karon farko, yanzu yana yi a biyar. Da ya gama ya zuƙo hoton har zare ya fito, ya bi askar da yatsa yana ƙirgawa a fili, ya kai takwas, sannan ya ɗora a sitatus ya rubuta farashi.